Tarihin Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yadda Ayyukansa Suka Shafi Bakin Iyakar Illela

Kusan duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira biyar ya san fuskar Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya a shekarar 1957, ya kuma riƙe wannan muƙami har zuwa rasuwarsa a watan Janairu na 1966. Ba a yi wani Firayim Minista kafinsa ba, ba a kuma sake yi ba a bayansa. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kafin ya hau wannan kujera sai da ya shafe shekara biyar yana kula da hanyoyi da gadoji da jiragen ƙasa da tashoshin jiragen ruwa na ƙasar nan. A wannan shafi mun kawo tarihin rayuwarsa, muna dubansa daga garin Illela, inda babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta ratso Ibadan da Ilori da Jebba da Kwantagora da Sakkwato, take tuƙewa a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin cewa kuɗin mota yana cikin kuɗin kowane mudun hatsi, kuma annoba ba ta tsayawa a shingen kwastan ta nuna takarda.

Haihuwa, karatu da shiga siyasa

An haifi marigayin a watan Disamba na 1912 a ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu ba ɗan sarauta ba ne, ma'aikaci ne a gidan hakimi. Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Bauchi, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito da shaidar malanta a 1933, ya koma Makarantar Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama shugabanta. A farkon aikinsa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda labarinsa ya bi ayarin fatake da bayi cikin hamada. A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ƙarin ilimin koyarwa, da ya dawo kuma sai aka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa da ke Kaduna da Majalisar Dokoki ta ƙasa da ke Legas.

Jami'an ƙananan hukumomi suna da dalili na musamman na tunawa da shi. A watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Kaduna yana neman a binciki yadda ake tafiyar da mulkin En'e, a gyara shi, a ba talaka bakin magana a harkokin garinsa. A wancan zamani ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce malamin makaranta, wanda En'e ce ta raine shi, ya miƙe a gaban Turawa da wakilan sarakuna ya kawo irin wannan batu. Ƙudurin ya wuce da ƙyar, kuma binciken da ya biyo baya yana daga cikin abubuwan da suka kai ga sabuwar dokar En'e ta 1954 da faɗaɗa majalisun gundumomi da na ƙauyuka.

Ministan Ayyuka da Sufuri

A 1952 aka naɗa shi Ministan Ayyuka a gwamnatin tsakiya, bayan shekara biyu kuma ya koma Ma'aikatar Sufuri. Abin da ya tarar ba mai daɗi ba ne. Dalar gyadar Kano da muke alfahari da hotonta a yau, wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne gazawar jirgin ƙasa: bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirage sun tsufa, tarago ya yi kaɗan, sai amfanin bana ya tarar da na bara yana jiran a kwashe shi zuwa bakin teku. A zamanin da yake riƙe da ma'aikatar ne Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki a 1955, aka kuma mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta a wannan shekarar, aka fara shigo da kawunan jirage masu amfani da man dizal maimakon gawayi.

A 1955 ɗin dai ya tafi Amurka domin ya ga yadda ake jigilar kaya a kogin Misisifi, saboda yana da ra'ayin cewa kogin Kwara da na Binuwai hanyoyi ne da Allah Ya shimfiɗa, kuma ɗaukar kaya ta ruwa ya fi kowace hanya arha. Masu rubuta tarihinsa sun nuna cewa wannan tafiya ta sauya masa tunani a kan wani abu da ya fi kogi girma. A da yana shakkar ko Nijeriya za ta iya zama ƙasa ɗaya, amma da ya ga al'ummu daban-daban sun haɗu sun gina Amurka, sai ya dawo da yaƙinin cewa mu ma za mu iya. Gwamnati ta ɗauko injiniyoyi daga ƙasar Holan suka yi nazarin kogunan biyu, aka kafa sashen kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lakwaja. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968 bayan rasuwarsa, an yi mata mashigar jirage domin kwale-kwalen kaya su riƙa haurawa zuwa Yawuri har su shiga Nijar. Wannan buri bai cika yadda aka so ba. Abin da ya tabbata shi ne wutar lantarki, wadda daga 1976 aka ja layinta ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Dubban mutanen ƙasar Yawuri da Bussa kuwa sun bar gidaje da gonakin kakanninsu a ƙarƙashin ruwa.

Babban aikinsa a fannin sufuri shi ne layin dogo na Barno. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rancen farko da bankin ya ba ƙasar nan, domin gyaran reluwe da shimfiɗa sabon layi daga Kuru kusa da Jos, ta Bauchi da Gombe, zuwa Maiduguri. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 640, kuma jirgi ya isa Maiduguri a 1964. A ƙarshen 1965 aka kammala gadar da ta haɗa Anaca da Asaba a kan kogin Kwara, inda a da sai an yi fito.

A nan ya kamata mu faɗi abin da ya shafe mu kai tsaye. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba, kuma gwamnatin Sa Abubakar ba ta ƙara masa ba. An zaɓi gabas saboda audugar Gombe da gyada da shanun Barno da fatan kaiwa ƙasar Chadi wata rana. Muna ganin hujjar tana da ƙarfi, ko da yake ba za a hana mutumin Sakkwato lura da cewa layin ya ratsa lardin Firayim Minista ba. Sakamakon wannan zaɓi a wancan zamani shi ne, buhun gishiri ko garwar kananzir ko huhun goro da ya taso daga kudu sai an sauke shi a Gusau, a loda wa mota ta yi tafiyar sama da kilomita 200 zuwa Sakkwato, sannan a sake yin sama da kilomita 80 ta Kware da Gwadabawa kafin ya iso Illela. Kowane lodi da sauke yana da kuɗinsa, kuma mai saye a kasuwa ne ke biya.

Maƙwabta a hayin iyaka

Iyakar da ta raba Illela da Birnin Konni Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi waɗanda suka haɗa kaka da kasuwa da maƙabarta ba. Nijar ta sami 'yancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. Akwai masu ganin a lokacin cewa tunda harshe ɗaya ne, addini ɗaya, ya kamata a sake zana taswira. Sa Abubakar bai yarda da haka ba. Matsayinsa shi ne a bar iyakoki yadda aka gaje su, babbar ƙasa kada ta haɗiye ƙarama, a haɗa kai a kan abubuwan da ake iya taɓawa da hannu: hanya, ruwa, ciniki da lafiya. Da wannan ra'ayi ya je taron kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. A watan Mayu na 1964 shi da Shugaba Hamani Diori na Nijar da takwarorinsu na Kamaru da Chadi suka sa hannu a kan kafa Hukumar Tafkin Chadi, a wannan shekarar kuma aka kafa Hukumar Kogin Kwara mai mazauni a Yamai.

Dokar shige da fice ta 1963, wadda ta tsayar da ma'aikatar da jami'anta ke aiki a bakin iyakar Illela, a zamaninsa aka yi ta. Ministan Harkokin Cikin Gida a lokacin ɗan wannan jiha ne, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara aiki da Firayim Minista a matsayin sakatarensa na majalisa a 1958, ya kuma zama Ministan Ayyuka a 1965.

Sau ɗaya ya ɗauki matakin da ya taɓa maƙwabta ba da niyya ba. Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya a watan Fabrairu na 1960, jama'ar Arewa kuma suka shiga fargabar cewa iskar hunturu za ta kwaso ƙura mai guba ta zuba a kan mutane da dabbobi da rijiyoyi. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen wannan shekara, sai a watan Janairu na 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa, ta kuma hana jiragen ruwa da na sama na Faransa sauka a Nijeriya. Amma Nijar da Chadi ba su da teku, kuma wani ɓangare na kayansu ta tashoshin Nijeriya yake bi. Bayan 'yan watanni aka janye hanin jiragen, duk da cewa huldar jakadanci ta daɗe ba ta dawo ba. Waɗanda suka ga abin da rufe iyaka ya yi wa kasuwar Illela daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ba sa bukatar a yi musu bayanin dalilin wannan sassauci.

Tsadar kayan masarufi

Gwamnatin Sa Abubakar ba ta ƙayyade farashin gero ko dawa ko shinkafa ba. An taɓa gwada irin haka a Legas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matan kasuwa suka yi tirjiya, kaya suka ɓace daga rumfuna suka koma bayan fage. Hukumar ƙayyade farashi ta ƙasa sai a 1970 aka kafa ta, a zamanin Janar Gowon. Bugu da ƙari, tsarin mulkin 1954 ya mayar da hukumomin sayen amfanin gona hannun jihohi, saboda haka farashin gyada da auduga a Kaduna ake yanke shi, ba a Legas ba. Hukumar tana sayen amfanin manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar kuma a yi ayyukan raya ƙasa da ita. Manomin bakin iyaka yana da mafitar da na tsakiyar ƙasa ba shi da ita: duk shekarar da farashin hayi ya fi na gida, jakuna da raƙuma sun san hanya.

Abin da ke hannun gwamnatin tarayya shi ne kuɗi da harajin kwastan da masana'antu. An buɗe Babban Bankin Nijeriya a ranar 1 ga Yuli 1959, aka fitar da fam da sule na Nijeriya, darajar fam ɗinmu kuma daidai da ta Ingila. Tsayuwar kuɗin ta sa 'yan canji da fataken da ke tsakanin fam da sefa suna iya yin lissafin wata da watanni ba tare da fargaba ba. A ƙarƙashin shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968 an yi ƙoƙarin a riƙa yin wasu kayan a gida: kamfanin sukari a Bacita, injin fulawa a Apapa, matatar mai kusa da Fatakwal wadda ta fara aiki a 1965, da kamfanin siminti na Kalambaina a nan Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 ya fara fitar da siminti a 1967. Sai dai gwamnati ta dogara ƙwarai da harajin kayan da ake shigowa da su, tana ƙara shi lokaci zuwa lokaci, wannan kuwa yana faɗawa a kan mai sayen atamfa da sabulu da fitila.

A nan ne, a ganinmu, marigayin ya fi yin rauni. Ma'aikata sun ga ministoci da manyan jami'ai sun gaji albashi da gidaje da motocin Turawa, alhali kuɗin haya da na cefane suna hawa, nasu albashin yana nan inda yake. A 1963 gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Adeyinka Morgan domin duba albashi. Kwamitin ya ba da shawarar fam 12 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashi a Legas, da abin da bai kai haka ba a sauran wurare. Gwamnati ta yi jinkirin fitar da rahoton, da ta fitar kuma sai ta zaftare adadin. Ranar 1 ga Yuni 1964 ma'aikata suka shiga yajin aiki na gama-gari. Jiragen ƙasa suka tsaya, tashoshin ruwa suka tsaya, wato ma'aikatun da shi da kansa ya gina. Ya ba da wa'adin a koma aiki, ba a saurare shi ba. Bayan kusan mako biyu aka koma teburin sulhu, aka daidaita a kan fam 10 a Legas. Manomi da makiyayi, waɗanda su ne mafi yawan jama'ar ƙasa, ba su da kujera a wannan tebur.

Sauro, bushiya da agana

Asibitoci da ɗakunan shan magani na Arewa aikin gwamnatin Kaduna ne da En'e. Abin da ya rage wa tarayya shi ne hulɗa da ƙasashen waje, kuma ta wannan ƙofa ce taimako ke shigowa. Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960 a matsayin ƙasa ta 99, a watan Nuwamba kuma ta zama cikakkiyar wakiliya a Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga 1961 Dokta Moses Majekodunmi ne Ministan Lafiya.

Tun kafin haka Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da jihohin Kebbi da Zamfara na yanzu, ya zama filin wani gwaji da duniya ta zuba wa ido. A 1954 aka fara feshin maganin sauro gida-gida a yankin Birnin Kebbi, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, domin a ga ko za a iya katse zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Afirka. Da farko sauro ya ragu sosai. Ba a yi shekara biyu ba sai masana suka gano a Ambursa cewa sauron ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan, labarin da ya shiga littattafan likitanci na duniya. An sauya magani, an faɗaɗa aikin a shekarun mulkinsa, zazzaɓi ya ragu amma bai yanke ba. A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauka daga burin kawar da cutar gaba ɗaya ta koma ga rage ta. Gidan sauro mai magani da ake rabawa a ƙauyukanmu jikan wancan darasi ne.

Aikin da ya fi shafar mai zuwa karar Illela ranar Lahadi shi ne yaƙi da bushiya. Wannan cuta ta share garken shanu a ƙasar Hausa wajen 1890, ta kuma ci gaba da dawowa. Kowace ƙasa tana yi wa shanunta allura, amma saniyar da ta yi damina a Azbin ta yi rani a fadamar Rima ba ta san ƙasa ba, saboda haka cutar takan fake a hayi ta dawo. A 1961 aka yi taro a Kano aka amince da gangamin haɗin gwiwa, a 1962 kuma Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka fara shi a lokaci ɗaya, da tallafin ƙasashen Turai da Amurka. Tsarin shi ne a yi wa kowace dabba allura shekara uku a jere, a huda mata kunne domin malamin dabbobi na kowace ƙasa ya gane wadda aka yi wa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana cikin masu haɗa maganin. Daga baya gangamin ya bazu zuwa yamma da gabashin Afirka. Bushiya ta yi ƙasa ƙwarai, amma da tallafi ya ƙare aka yi sakaci da allurar maruƙa, sai ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980 ta yi wa makiyaya mummunar ɓarna. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya.

Gangamin lambar agana da ƙyanda na ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya bi irin wannan tsari na haɗa maƙwabta a lokaci ɗaya. Amurka ta sanar da tallafinta a watan Nuwamba na 1965, amma Allah bai nufi Firayim Minista da ganin farawarsa ba. A 1967 ma'aikata suka shiga kasuwanni da ƙauyuka da bindigar allura, a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Dattawa da yawa a Gada da Tangaza da Illela suna ɗauke da tabon wannan lamba a dantsensu.

Ƙarshen mulki da rasuwa

Shekarunsa na ƙarshe cike suke da rigingimu: dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, ɗaure Cif Awolowo a 1963, taƙaddamar ƙidayar jama'a, tarzomar ƙasar Tibi, zaɓen 1964 da aka ƙaurace wa a wasu yankuna, da zaɓen Jihar Yamma na 1965 wanda ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Haƙurin da ake yabonsa da shi, a wannan karo ya zama jinkiri. A farkon Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan tashin taron, a daren 15 ga wata, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa, a daren da aka kashe Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello a Kaduna. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Yana da shekara 53, kuma bai bar wata dukiyar a zo a gani ba.

Layin dogo na Ƙauran Namoda bai taɓa ƙarasowa Sakkwato ba. A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon sama da kilomita 1,000, kuma daga Illela aka ɗauko farkonta.